Wa ya sa ka a bakin hanya? Yadda za mu gane ma'aikatan hanya na gaskiya

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin ma'aikatanmu na raya karkara ya yi wa dattawan ikkilisiya, zumuntar mata da matasa 'yan kabu-kabu a Shagari. Mun buga shi domin a karanta a ƙauyukan da ba su sami zuwa ba.

Na san wasu sun baro aikin gona, wasu sun ajiye babur a lokacin da ake samun fasinja, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Kafin in shiga wannan aiki na yi shekaru ina tuƙi. Wannan babbar hanya da ta ratsa garin nan, wadda ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga, ta wuce Tambuwal da Jega ta nufi Yawuri da Kwantagora, na san ramukanta kamar yadda na san tsakar gidana. A takardun gwamnati sunanta A1, kuma ta tarayya ce. Ƙarshenta na arewa yana Illela, bakin iyakar Nijar, na kudu kuma yana Legas. Duk albasa da gero da dabbobin da muke kaiwa kasuwa a kanta suke tafiya, haka matanmu masu naƙuda in an ɗauke su zuwa asibiti.

Bari in fara da abin da ya same ni. Wata rana na ɗauko buhunan hatsi na taimako zan kai wani ƙauye, sai na tarar da samari uku sun shimfiɗa katako mai ƙusoshi a hanya. Ɗaya yana sanye da 'yar rigar nan mai ƙyalli, ɗaya yana riƙe da littafin rasit da ya sha hannu har ya yi baƙi. Suka ce motar ba ta da takardar kaza, sai na biya. Ban tambaye su ko su wane ne ba. Ban ce su nuna mini komai ba. Rana tana yi, mutane suna jirana, na zaro kuɗi na miƙa, suka janye katakon. Da na dawo da yamma babu su babu alamarsu. Da na zo yin lissafi a ofis, mai ajiyar kuɗinmu ta dubi takardar da suka ba ni, ta ce, "Baba, wannan ai babu sunan kowace hukuma a kai." Kuɗin nan ba nawa ba ne, baikon mutane ne da suka tara don mayunwata. Ranar na ji kunya ƙwarai. Tun daga nan na sa kaina in san su wane ne doka ta ba ikon tsayar da ni, da wanda ya naɗa su, da yadda zan gane su.

Tsofaffi a cikinmu za su tuna zamanin En'e. A lokacin akwai dogarai da 'yan doka, kuma ba wanda yake shakkar su wane ne, domin kowa ya san iyayensu, ya san sarkin da ya sa musu kaya. In ɗan doka ya zalunce ka, ka san ƙofar da za ka kai kuka. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta haɗe 'yan dokan En'e cikin 'yan sandan Nijeriya. A ranar 2 ga Afrilu 1972 kuma ƙasar ta bar tuƙi ta hagu ta koma ta dama. Kuɗin mai ya shigo, motoci suka yi yawa, haɗari ya yi yawa, sai hukumomin hanya suka yi ta ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya. Yau mai tsayar da kai baƙo ne, daga wata jiha aka turo shi. Abin da ya rage maka ka gane shi da shi, shi ne kayan jikinsa, da sunansa, da katinsa, da irin takardar da zai rubuta maka.

Mu fara da waɗanda muka fi gani a wannan hanya, wato Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, waɗanda muke ce wa 'yan rod sefti. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ce ta kafa ta a watan Fabrairu 1988 da doka mai lamba 45. Shugabanta na farko shi ne marubucin nan Wole Soyinka, wanda tun a 1977 yana cikin waɗanda suka fara irin wannan aiki a Jihar Oyo, saboda baƙin cikin yawan mutanen da hanya take cinyewa. A 2007 majalisa ta sake yi wa hukumar doka. Shugaban ƙasa ne yake naɗa babban kwamandanta. A 2024 an naɗa Shehu Mohammed. An raba ƙasar shiyya goma sha biyu, mu muna shiyya ta goma, wadda ta haɗa Sakkwato da Kebbi da Zamfara, hedkwatarta kuwa tana Sakkwato.

Ma'aikacinsu na dindindin yana sa riga mai ruwan ƙasa mai haske, baƙin wando, da hula ja mai duhu. Sunansa yana rubuce a ƙirjinsa. Motarsu shuɗiya ce da fari, da sunan hukumar a jiki. Ba su fita ɗai-ɗai, sukan fita ƙungiya da shugaba. Ba a kuma san su da riƙe bindiga a bakin hanya ba. In ka ga bindiga a wurin, to aikin haɗin gwiwa ne da 'yan sanda ko wasu jami'an tsaro, kuma su ma za ka gan su cikin nasu kayan.

Akwai kashi na biyu da mutane da yawa ba su sani ba, su ne 'yan sa kai na hukumar, waɗanda ake kira sufeshal mashal. Waɗannan ba su da albashi. Mutane ne masu sana'arsu, malamin makaranta, ɗan kasuwa, likita, har da shugabannin addini, waɗanda suka nemi shiga, aka bincika halinsu, aka ga suna da lasin tuƙi da hanyar cin abinci, aka horar da su, aka ba su kati da 'yar riga shuɗiya ta sama. Dalilin neman mai sana'a a fili yake: wanda yake da abin da zai ci a gida ba zai mai da hanya gonarsa ba. To amma a nan ne masu ruɗi suka fi samun ƙofa, domin 'yar riga ta sama kowane tela zai iya ɗinka ta. Kama da wane ba wane ba ne. Ɗan sa kai na gaskiya yana da kati mai hotonsa da lambarsa, kuma ba ya jin haushi in ka nemi gani.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran. Ɗan rod sefti ba ya karɓar kuɗin tara a hannu. In ka yi laifi, zai rubuta maka takardar laifi mai lamba, da sunan laifin, da yawan tarar. Kai za ka je banki ka biya, kuɗin ya shiga asusun gwamnatin tarayya, ka dawo da shaidar biya ka karɓi abin da aka riƙe maka. In ba ka yarda ka yi laifin ba, kana da iko ka ce a kai ka gaban alƙali, kuma wani lokaci sukan fito da kotun tafi-da-gidanka a bakin hanya. Dokar 2007 ta jera laifuffukan da tararsu: rashin ɗaura bel, lodin da ya wuce kima, amsa waya ana tuƙi, hawa babur babu hular kwano, da sauransu. An fara tilasta bel a farkon 2003, hular kwano kuma a ranar 1 ga Janairu 2009. A cikin wannan jeri har da ƙoƙarin ba ma'aikaci cin hanci. Wato wanda ya naɗe ɗari biyar ya miƙa ta taga, shi ma ya yi laifin da ake rubutawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na ga Mama tana girgiza kai. Na sani, Mama, zuwa banki daga ƙauye wahala ce, kuma yakan cinye wa mutum yini guda. Ba na musun haka, ni ma na sha wannan wahala. Amma ku lura da abu ɗaya. Tarar banki sau ɗaya ake biyanta, a gyara laifin, a huta. Na goro kuwa ba ya ƙarewa. Wanda ka ba yau ya gane motarka, gobe yana jiranka, jibi ya gaya wa abokinsa. Direba kuma ba daga aljihunsa yake fitarwa ba, a kan buhun albasarki yake ƙarawa.

Sai 'yan sanda. Su doka ta ba su iko a kan kowace hanya, ta tarayya da ta jiha, kuma suna da sashen kula da zirga-zirga. Sunan ɗan sanda yana ƙirjinsa, ƙananan ma'aikata kuma suna da lamba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce wanda zai bincike ka ko motarka dole ya kasance cikin kayan sarki ko kuma katinsa yana rataye a fili, ya gaya maka sunansa da caji ofis ɗin da ya fito, da abin da yake nema. A watan Oktoba na shekarar, lokacin da matasa suka tashi a kan zaluncin 'yan SARS, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya hana irin waɗannan rundunoni tsare hanya, ya ce kada a fita aiki cikin kayan gida. Tun kafin nan, a 2012, Sufeto Janar M. D. Abubakar ya taɓa ba da umarnin a kwashe shingaye daga manyan hanyoyi. Kun dai ga da idonku cewa shinge ya dawo, kuma rashin tsaron da muke ciki ya ba shi dalili. Amma shingen neman ɓarayi da makamai dabam yake da wurin karɓar kuɗi. A ƙarƙashin 'yan sanda akwai masu ba da hannu, masu riga ruwan lemo, waɗanda ake wa laƙabi da yalo fiba. An kafa su a 1975. A cikin birni za ka gan su, a mahaɗar hanyoyi. In ka ga mai irin wannan riga shi kaɗai a tsakiyar daji yana neman takardun mota, ka sa alamar tambaya.

VIO, waɗanda muke ce wa bi'ayo, ma'aikatan jiha ne, farar riga da baƙin wando. Aikinsu duba lafiyar mota da gwada mai neman lasin. Shi lasin hannu uku ne yake yinsa: hukumar harajin jiha ta karɓi kuɗi, bi'ayo ya gwada ka, rod sefti su ɗauki hotonka da yatsunka su buga kati. Wanda ya ce ka kawo hoto da kuɗi ka zauna a gida zai kawo maka lasin, jabu zai kawo maka, kuma ranar da aka duba a kwamfuta kai za a kama. A watan Oktoba 2024 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa bi'ayon birnin tarayya ba su da ikon tsare mota a hanya su ƙwace ta ko su ci tara. Na faɗi wannan ne don ku ga cewa ko ma'aikacin gaskiya ikonsa yana da iyaka, kuma kotu tana iya faɗa masa inda iyakar take. Kada dai wani ya tafi da wannan magana ya yi wa bi'ayon jiharmu tsiwa, domin kowace jiha da dokarta.

Matasanmu masu zuwa cin rani za su haɗu da wasu kuma. Legas tana da LASTMA tun 2000, Kano tana da KAROTA tun 2012, Kaduna tana da tata. Majalisar kowace jiha ce ta yi musu doka, kuma ikonsu a cikin jiharsu ya tsaya.

Yanzu ga waɗanda ba su da ikon kama ka a kan laifin tuƙi. 'Yan kamasho da shugabannin ƙungiyar direbobi ko ta kabu-kabu suna da hurumi a tasha, a kan 'ya'yan ƙungiyarsu. 'Yan banga aikinsu gadin gari. Mai karɓar harajin ƙaramar hukuma wurinsa kasuwa da tasha. Tun 1998 aka yi dokar da ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Duk waɗannan muna girmama su a wurin aikinsu, amma ba ɗayansu da zai ce ka kawo lasin, ko ya zare maka makullin babur.

In an tsayar da kai da rana, a wurin da jama'a suke, ka tsaya da kyau a gefen hanya, ka kashe mota, ka gaishe shi. Gaisuwa ba ta rage komai, kuma mutumin nan tun safe yake cikin rana. Ka karanta sunan da ke ƙirjinsa. In babu, ka ce, "Ranka ya daɗe, daga wane ofis?" Ka dubi lambar motarsu ka riƙe a kai. In ya ce ka yi laifi, ka tambayi sunan laifin, ka ce ya rubuta. Sau da yawa kalmar nan "rubuta mini" ita kaɗai take raba gardama, domin na gaskiya zai ciro littafi, na ƙarya kuwa sai ya fara cewa a yi magana. Kada ka zage shi, kada ka taɓa shi, kada ka gudu. Mun sha ganin yaro ya ga shinge ya juya babur da gudu da fasinja a baya, ya faɗa gaban tirela saboda tsoron tarar da ba ta kai kuɗin kaza biyu ba.

Da dare, ko a cikin daji, maganar ta canja, kuma ina so a ji ni da kyau. A wannan yanki namu na arewa maso yamma an sha ganin 'yan bindiga sun sa kayan sojoji ko na 'yan sanda sun tare hanya. Mai bindiga a hannu ba a tambayarsa kati. In ka hango shinge a inda ba ka saba ganinsa ba, babu motar hukuma, babu fitila, motocin da ke zuwa daga can kuma sun ɗauke, ka tsaya tun daga nesa, ka koma garin da ka baro ka tambayi direbobi. In kuma ka riga ka shiga hannunsu, ka ba da abin da suka nema. Za a sake samun kuɗi. Shi ya sa a ofishinmu muka daina fita da kaya bayan la'asar, kuma ina roƙon zumuntar mata su riƙa tashi daga taron gunduma da wuri.

Akwai wani gefe na wannan magana da ya fi taɓa iyaye, wato ɗaukar aiki. Wata gwauruwa a wata ikkilisiyarmu ta sayar da saniyarta ɗaya tilo, ta ba wani mutum da ya ce yana da gurbi a hukumar hanya. Ya kawo wa ɗanta takardar ɗauka mai hatimi, har da ranar zuwa horo. Yaron ya hau mota ya je, aka duba aka ce babu sunansa, wayar mutumin kuma ta daina shiga. Ku sani, hukumomin nan sukan yi shela a jarida da rediyo in za su ɗauki mutane, a cika fom a intanet, kuma su kansu sukan faɗa cewa ba a biyan ko kwabo. Sai tantancewa, da gwajin lafiya, da jarrabawa, sannan watanni na horo. Rod sefti suna da makaranta a Jos da kuma Udi ta Jihar Inugu. 'Yan sanda suna da kwaleji a Kaduna da babbar makaranta a Wudil. Ana raba guraben ne jiha jiha, saboda haka yaranmu su nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma tun da wuri, su nema ta ƙofar gaba. Wanda ya sayi kaki da kuɗin saniya, ko da ya samu, daga wa kuke tsammani zai fanshe saniyar? Daga gare mu.

A Fitowa sura 18, surukin Musa ya ba shi shawara a kan irin mutanen da zai ɗora bisa jama'a, kuma cikin sharuɗɗan akwai ƙin cin hanci. A Luka sura 3 masu karɓar haraji da sojoji sun je wurin Yahaya Maibaftisma, bai ce su bar aikinsu ba, ya ce su tsaya a kan abin da aka ƙayyade, albashinsu ya ishe su. Ina faɗin wannan ne domin wasu daga cikin masu sa kakin nan 'ya'yanmu ne, ranar Lahadi suna zaune a benci ɗaya da mu. In ɗanku mai ƙaramin muƙami ya fara kawo abin da albashinsa ba zai saya ba, ku tambaye shi kafin ku sa masa albarka. Haka kuma in wani ya zo neman fasto ko dattijo ya sa masa hannu a takardar shaidar hali don shiga aikin sa kai, kada a sa don kunya. Sa hannun nan shi ne matakin farko na naɗa shi a kan hanyarmu.

Wani ya tambaye ni ɗazu a waje, in an cuce shi ina zai kai kuka. In ɗan sanda ne, ka fara da difi'o na yankin. Rundunar kuma tana da sashen karɓar ƙorafi tun 2015. In ɗan rod sefti ne, ofishinsu na jiha yana Sakkwato. Ka je da suna, da lambar mota, da rana da wuri, kuma kada ka je kai kaɗai, ka tafi da dattijo ko shugaban ƙungiyarku, ku shaida wa hakimi ko mai gari. Maƙwabtanmu Musulmi hanya ɗaya muke bi da su, katako ɗaya ake shimfiɗa mana, saboda haka in za a rubuta koke a rubuta tare. Lambar 122 kuwa ta rod sefti ce ta gaggawa, kyauta ce, domin haɗari. Kowa ya sa ta a wayarsa yanzu kafin mu tashi. Wanda bai iya ba, matasa su taimake shi.

Ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada, duk mai babur ko mota ya zo da takardunsa da lasinsa. Ni da magatakarda za mu zauna a ƙarƙashin bishiyar nan mu duba waɗanda suka mutu da waɗanda suke jabu, mu rubuta sunayen masu bukatar sabuntawa, mu sa rana mu tafi Sakkwato a mota ɗaya. Takardun motar ikkilisiya za mu fara dubawa, domin na leƙa ɗazu na ga inshorarta ta mutu tun bara. Yanzu sai tambayoyi. Baba, ga hannunka a sama, bismillah.